Ruwan da ya riƙa tafiya da baya a gidan ɗan ƙanwata

Sana'ata aikin tiyo da robine ce, kuma a Yamai nake yin ta, garin da babu mai hankalin da zai kashe kuɗinsa don ya ɗumama ɗaki. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma ko a tsakiyar hunturu, lokacin da daren Janairu yake sauka zuwa wajen digiri 15 ko 16, bargo ɗaya da garwashi a kasko sun ishi tsoho da jariri. Saboda haka mai karatu yana da damar ya tambayi abin da ya haɗa ni da tukunyar ɗumama gida irin ta ƙasashen sanyi. Amsar ita ce, a ƙuruciyata na yi shekara shida a Satif ta ƙasar Aljeriya, gari ne da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,100, inda dusar ƙanƙara take rufe titi, kuma a can na koyi wannan aiki a hannun wani dattijo da muke kira ma'allim. Da na dawo gida ilimin ya kwanta, domin babu mai nemansa, har sai a watan Nuwamban da ya wuce, ranar da ɗan ƙanwata ya kira ni daga wajen birnin Liyon na Faransa bayan sallar isha'i.

Bai tsaya dogon gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce, "Kawu, don Allah ka saurara," sannan ya kara wayar a jikin radiyater ɗin ɗakin kwanansu, wato ƙarfen da ruwan zafi yake bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki. Abin da na ji ya yi kama da ƙarar maƙeri yana sassaƙa bakin lauje da ƙaramar guduma, bugu a kan bugu babu numfashi, ya yi kamar daƙiƙa goma ya tsaya, sannan ya dawo. Ya ce mini tun da aka canza musu tukunya a watan Oktoba haka suke kwana, jaririyarsu tana farkawa, kuma ɗakunan ba sa yin ɗumi kamar bara duk da cewa tukunyar sabuwa ce fil. Wanda ya yi aikin ya dawo sau biyu, ya fitar da iska daga kowace radiyater, ya duba allon tukunyar ya ga babu alamar matsala, daga ƙarshe ya ce radiyatocin ne suka tsufa, a fara tunanin canza su.

Gidan tsoho ne mai bene ɗaya, da radiyater takwas na ƙarfen zubi masu nauyi, kuma sun saye shi da tukunyar da ke ƙona man fiyul, wanda ɗan'uwan gazuwal ne, tana zaune a ƙasa cikin ɗakin ƙarƙashin gida. Da ta lalace ba su da zaɓin sayen irinta, domin tun ranar 1 ga Yulin 2022 Faransa ta hana kafa sabuwar tukunya mai aiki da irin wannan mai, sai suka koma ta gas da ake ratayewa a bango. Canji ne da dubban gidaje suke yi, kuma a irinsa ne kuskuren da zan bayyana ya fi saurin aukuwa, saboda sabuwar tukunyar ba ta zama inda tsohuwar ta zauna ba, dole a yanke bututai a sake jan su.

Ga wanda bai taɓa ganin tsarin ba, ruwa ne ƙayyadadde yake zagayawa a rufe, ba ya fita kuma ba a shan sa. Tukunya tana zafafa shi, ƙaramin injin tura ruwa yana kora shi cikin bututun tafiya, wanda masu sana'ar suke kira depar, ya bi ɗaki ɗaki ya shiga radiyatoci, ya bar zafinsa a jikin ƙarfe, sannan ya fito ya bi bututun dawowa, wato retur, ya koma tukunya. Ruwan da ake bukata ba shi da yawa kamar yadda mutum zai zata. Lita ɗaya ta ruwa idan ta huce da digiri ɗaya tana sakin kimanin wat-awa 1.16, don haka radiyater mai ƙarfin wat 1,500, idan ruwa ya shige ta ya fito da ragin digiri 20, lita 65 kawai take bukata a awa guda, abin da bai cika bido uku masu lita 25 ba. Tun da ruwan kaɗan ne kuma a hankali yake ratsa radiyater, hanyar da yake bi a cikinta tana da muhimmanci ƙwarai, kuma a nan ne maganar gaba da baya take shigowa.

Duk wanda ya taɓa shiga tabki da rana ya san cewa ruwan sama yana da ɗumi alhali ƙafafunsa suna cikin sanyi. Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi: lita 1,000 ta ruwa tana da nauyin kilo 998 a digiri 20, amma a digiri 80 nauyinta kilo 972 ne. Wannan ratar ta kilo 26 ita kaɗai ce take juya ruwa a tsofaffin gidajen Turai kafin a fara sa injin turawa, shi ya sa bututansu suke da kauri kamar cinyar mutum. A Faransa, kamar yadda na gani a Aljeriya, yawancin radiyatoci ana shigar musu da ruwa ta sama, inda robine yake, a fitar da shi ta ƙasa. Ruwan zafi yana shiga ya bazu a saman ƙarfen daga wannan gefe zuwa wancan, yana hucewa yana ƙara nauyi yana sauka ta kowane ginshiƙi, har ya isa ƙasa ya fita. Turawar inji da halin ruwa suna tafiya hanya ɗaya, kuma duk jikin radiyater ɗin yana aiki. Idan aka juya, ruwan zafi ya shiga ta ƙasa, ba ya tsayawa ya bazu, sai ya haye ginshiƙan da suka fi kusa da shi ya sami mafita a sama ya wuce abinsa, ya bar sauran ƙarfen cike da ruwan da ya huce ya kwanta. Abin ya fi muni idan mashiga da mafita suna gefe ɗaya, domin a nan rabin radiyater ɗin yakan zama ado kawai.

Ban ga wannan hali na ruwa a ƙasar sanyi kaɗai ba, kuma kuskuren da na fi jin kunyarsa a nan Yamai na yi shi. A wani gida a unguwar Plato na taɓa rataya tankin ɗumama ruwan wanka mai aiki da lantarki, irin wanda bakunansa biyu suke ƙasa, ɗaya da zobe shuɗi ɗaya da ja. Magariba ta kawo jiki, ina sauri, sai na haɗa ruwan sanyi a bakin ja. Daga waje bakunan kamar tagwaye suke, amma a ciki na ja dogon bututu ne da ya miƙe har saman tanki don ya ɗebo ruwan da ya fi zafi, na shuɗi kuwa gajere ne, yana zuba ruwan sanyi a gindi. Da na juya su, ruwan sanyi ya riƙa zuba a saman ruwan zafi yana gauraya shi, robine kuma yana ja daga gindi. Uwargidan ta yi kwana uku tana cewa tankin lita 80 ba ya isar wankan mutum ɗaya, ni kuma ina zargin ƙarfen da ke zafafa ruwan, har na je kasuwar Katako na sayo sabo, kafin idona ya faɗa kan zobban nan biyu. Haka abin yake ga tankin da rana take ɗumamawa a kan rufi, irin wanda ma'aikatar ONERSOL, da aka kafa a 1965 kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya daɗe yana jagoranta, ta riƙa ƙerawa a ƙasar nan: babu inji a jikinsa, ruwan sanyi yana sauka daga gindin tanki zuwa gindin faifan rana, na zafi yana hawa daga saman faifan zuwa tanki, kuma idan tankin bai fi faifan tsayi ba, da dare ruwan yakan juya da baya ya zubar da zafin da ya tara da rana.

Wannan ya bayyana rashin ɗumin ɗakunan, amma bai bayyana bugun gudumar ba. Shi bugun daga robine yake fitowa. A kan bakwai daga cikin radiyatocin akwai robine mai farin kai da lambobi daga 1 zuwa 5, wanda yake buɗewa da rufewa da kansa gwargwadon ɗumin ɗaki. Kamfanin Danfoss na ƙasar Danmak ne ya fara ƙera irinsa a 1943, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yi. A cikin kan akwai ruwa ko kakin da yake kumbura idan ɗaki ya yi ɗumi, sai ya danna wani ɗan tsinken ƙarfe, tsinken ya tura ƙaramin faifan roba zuwa bakin ramin da ruwa yake bi, wani sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai tsalle, kuma yana jiran ya mayar da shi baya idan ɗakin ya huce. Lamba 3 a yawancinsu tana nufin kimanin digiri 20. An ƙera tsofaffin ne a kan cewa ruwa zai fito daga ƙarƙashin faifan, yana tunkuɗe shi lokacin da yake neman rufewa, shi ya sa rufewar take zuwa sannu a hankali.

Mai ɗaki da ƙyauren kwano ya san bambancin a lokacin iskar hunturu. Idan kana tura ƙyaure iska tana tura shi daga ɗaya gefen, a hankali zai rufu, kana iya tsayar da shi duk inda kake so. Idan kuwa iskar tana bayansa, da zarar ya kusa rufuwa za ta fizge shi daga hannunka ta maka shi a jikin ƙofa. Abin da ke faruwa a cikin robine ke nan idan ruwa ya juya: faifan yana kusantar ramin, ruwan ya fizge shi ya toshe, gudu ya tsaya cak, sifirin ya ɗaga shi, ruwan ya sake fizgewa, haka sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowane bugu yana bin bututun jan ƙarfe ya zagaya gidan. Wannan ne dalilin da ya sa ƙarar ba ta zuwa da safe lokacin da ɗakuna suke da sanyi kuma robine suna buɗe gaba ɗaya, sai da dare bayan an rufe ƙofofi ɗaki ya kusa kaiwa lambar da aka sa masa. Na ce wa yaron ya murɗa kan zuwa 5 yayin da ake cikin bugun. Ya murɗa, ƙarar ta ɗauke nan take kamar an hura fitila. Iska a cikin radiyater ba ta yin haka, ita ƙararta irin ta kwararar ruwa a gora ce, kuma murɗa robine ba ya kashe ta.

Duk da haka ban so in ɗora wa mutum laifi daga nisan dubban kilomita a kan ƙarar da na ji ta waya ba, sai na ce mu yi gwajin da ma'allim ya koya mini, wanda ba ya bukatar wani awo sai tafin hannu. Sharaɗinsa ɗaya ne, wato a fara shi bututai suna da sanyi sarai, domin bayan minti goma sha biyar duka biyun za su yi zafi, kuma hannun mutum ba ya iya raba digiri 60 da 55. Na ce su kashe tukunyar daren Juma'a, su buɗe kowane robine zuwa 5, su jure sanyin dare ɗaya. A lokacin sanyi agogon Faransa da namu ɗaya ne, saboda haka ranar Asabar bayan sallar asuba ina zaune a kan tabarma a tsakar gidana da ke Bukoki, na yafa mayafi ina jiran shayi ya nuna, shi kuma yana durƙushe a gaban radiyater ɗin falo sanye da rigar sanyi biyu, ya jingina wayar a ƙafar kujera. Hannunsa na dama yana kan bututun sama kusa da robine, na hagu yana kan na ƙasa. Matarsa ta sauka ta kunna tukunyar.

Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, babu wanda ya yi magana sai zakaran maƙwabcina. Can ya ɗago kai ya ce, "Kawu, na ƙasa ne ya fara ɗumi, na sama har yanzu kamar ƙanƙara." Na ce kada ya tsaya, ya ruga sauran ɗakunan kafin zafin ya zagaye, matarsa ta ɗauki na bene. Suna kira mini ɗaya bayan ɗaya: ƙasa, ƙasa, ƙasa. Sannan na ce ya haska fitilar waya a jikin ƙarfen robine ɗin, ƙarƙashin farin kan, ya kankare fentin da farce. Akwai ƙaramar kibiya da aka zuba tare da ƙarfen, bakinta yana nuna cikin radiyater, alhali ruwan daga radiyater ɗin yake fitowa ya bi ta robine ɗin. Gani ya kori ji.

Radiyater bakwai sun ba da amsa ɗaya, amma ta kicin ta saɓa, ita ta sama ta fara ɗumi. Yaron ya ɗauka wannan ya rushe duk abin da na faɗa, ni ma na yi shiru na ɗan lokaci. Surukata ce ta warware mana, ba tare da ta san ta warware ba. Ta ce, "Kawu, ai wannan ta kicin ɗin ita ce bara ba ta taɓa yin zafin kirki ba, har takan yi ɗan kuka, amma tun da aka canza tukunya ta fi kowace zafi." Kicin ɗin ƙari ne da mai gidan na farko ya gina daga baya, kuma duk wanda ya ja masa bututu a lokacin ya haɗa shi a juye. Ta yi shekaru tana aiki da baya ita kaɗai, da aka juya gidan gaba ɗaya sai ta zama ita kaɗai ce daidai. A wurina wannan ya fi kibiyar ƙarfin hujja, domin ya nuna cewa alkiblar ruwan gidan ta canza tsakanin bara da bana, kuma abu ɗaya kawai aka taɓa a tsakanin.

Yadda kuskuren ya faru ba shi da wuyar ganewa, kuma ba na ganin mai aikin a matsayin wanda bai iya ba. A tsohuwar tukunya ba a ruɗewa, domin depar yana fita ta samanta, retur yana shiga ta gindinta. Amma da zarar an zubar da ruwa an yanke bututan biyu a kusa da silin an fitar da tukunyar, abin da ya rage shi ne bakuna biyu na jan ƙarfe masu kauri ɗaya da fenti ɗaya, suna shiga bango. A ƙarƙashin sabuwar kuma bakuna biyar ne a jere, kuma a yawancin na yanzu depar yana can hagu, gas a tsakiya, retur a can dama, amma ba kowane kamfani ne yake bin wannan jerin ba, musamman a tsofaffin ƙira. Mutum ya ja bututun da ya fi kusa zuwa bakin da ya fi kusa, aikin ya fito tsaf a ido, shi ke nan an juya gida. Ma'allim ba ya barin mu taɓa kile sai mun kunna tsohuwar tukunya, idan tana iya tashi, mun naɗa jan sikoc a bututun da ya fara zafi da shuɗi a ɗayan, can sama inda yanka ba zai kai ba. Idan ba ta tashi, sai mu bi bututun da ido daga jikinta kafin a yanke. Aikin minti biyar ne, kuma a lokacin ina ganinsa ɓata lokaci.

Abin da ya sa mai aikin ya dawo sau biyu bai gano ba shi ne ya yarda da allon tukunyar, ita kuwa tukunyar ba ta da hanyar sani. A cikinta komai daidai yake tafiya: injin yana jan ruwa ta bakin retur, yana ratsa shi ta wurin wuta, yana fitar da shi ta bakin depar, na'urorin awon zafi suna ganin abin da suka saba gani. Inda ruwan ya nufa bayan ya fita daga cikinta ba ya cikin lissafinta. Da a ce an bar wani bawul mai hana ruwa komawa baya daga tsohon tsarin, da ruwan ya ƙi zagayawa sam, tukunyar ta yi zafi ta kashe kanta, a gane tun ranar farko. An cire shi tare da tsohon injin, don haka ruwan ya sami hanya, gidan ya yi ɗan ɗumi, kuskuren ya ɓuya.

Akwai hasarar da ba a ji da kunne, ita ce ta gas. Tun ranar 26 ga Satumban 2015 ƙa'idojin Tarayyar Turai suka sa kusan duk tukunyar gas da ake sayarwa ta zama irin wadda take tatsar zafi daga hayaƙinta. Ƙonewar gas tana haifar da tururi, kuma idan tururin ya taɓa ƙarfe mai sanyi ya koma ruwa, kamar ɗigon da ke taruwa a ƙarƙashin murfin tukunyar tuwo, yana sakin zafin da zai iya kaiwa kashi 11 cikin 100 a kan abin da tsohuwar tukunya take samu. Amma hakan ba ya faruwa sai ruwan da ke dawowa daga ɗakuna ya sauka ƙasa da kimanin digiri 55. A gidan yaron ruwan yana ratsa radiyatoci ta gajeriyar hanya ya dawo da zafinsa kusan yadda ya tafi, shi kuma da ya ga ɗakuna ba sa ɗumi sai ya ƙara wutar zuwa 75. Ya biya kuɗin tukunya mai tsimi, yana ƙona gas kamar mai tsohuwa.

Tambayarsa ta farko ita ce ko za a iya juya injin kawai a huta. Ba a iya, domin injin yana cikin tukunyar tare da sauran kayanta da aka jera bisa alkibla ɗaya, kuma irin wannan inji mai fanka, ko an sa shi ya juya da baya, hanya ɗaya yake tura ruwa, ƙarfinsa ne kawai yake raguwa. Mai aikin, da aka nuna masa bidiyon gwajin, bai yi gardama ba, amma ya kawo shawarar a canza robine bakwai ɗin da sababbi waɗanda suke karɓar ruwa ta kowane gefe. Irin waɗannan suna nan kuma suna aiki, kuma akwai gidan da zan yarda da wannan shawara a cikinsa: inda bututai biyun duka suke shiga ta ƙasan radiyater, kamar yadda aka fi yi a Ingila, ruwan zafi zai hau sama da kansa ko ta dama ya shiga ko ta hagu, don haka idan robine bai damu ba, ni ma ban damu ba. A gidan da ruwa ya kamata ya shiga ta sama kuwa, sabon robine zai kashe ƙarar ya bar sanyin, kuma za a sayi abu bakwai don a kauce wa gyaran abu ɗaya. Na ce wa yaron ya tsaya a kan cewa a musanya bututan biyu a ƙarƙashin tukunya, kuma kada ya sa hannunsa, domin aikin yana dab da bututun gas, kuma wanda ya kafa tukunyar shi ke da alhakin aikinsa.

Rabin yini ya ɗauka. An zubar da ruwan, an yanke, an gitta bututan da gwiwa huɗu, an yi walda. Na roƙi a buɗe matatar maganaɗisu da ke kan retur kafin a sake cikawa, domin ruwan da ya yi wata guda yana tafiya da baya yakan tayar da baƙar lakar tsatsa da ta yi shekaru a kwance a gindin radiyatoci, kamar yadda masu wanke bututai suke juya ruwa da gangan don su tayar da ita. Hoton da ya turo mini ya nuna sandar maganaɗisun ta yi kauri da baƙin abu kamar kwalli da aka kwaɓa. Bayan an wanke an cika ruwa har allurar agogon matsi ta tsaya a bar 1.5 da sanyi, wanda ya ishi gida mai bene ɗaya kuma yana nesa da bar 3 inda bawul ɗin tsaro yake buɗewa, sannan aka bi radiyatoci daga ƙasa zuwa bene ana fitar da iska. Ƙananan bawul ɗin daidaitawa da ke gindin kowace radiyater ba su lalace da juyawar ba, sai dai mai aikin ya taɓa wasu a zuwansa na biyu, don haka aka ɗan matse na kusa da tukunya aka saki na nesa.

A daren aka mayar da kawunan zuwa 3, kuma babu abin da ya buga. Bayan kwana biyu na sa ya rage zafin depar zuwa 60, domin tsofaffin radiyatocin zubi galibi sun fi ƙarfin ɗakunan da suke ciki, musamman idan an canza tagogi. Ya shafa ta falo ya ce samanta da zafi daga gefe zuwa gefe, gindinta kuma ɗumi-ɗumi ne kawai, ya tambaya ko wannan wata sabuwar matsala ce. Na ce masa haka ake so, ya sauka ya duba siririn tiyon roba da ke fita daga gindin tukunya zuwa magudana. Ya tarar yana ɗiga, alamar tururin hayaƙin ya fara komawa ruwa.

Ta kicin ta koma halinta na da, samanta ɗumi kaɗan, gefe ɗaya sanyi. Gyaranta yana bukatar a sake zubar da ruwa a fasa ɗan wuri a bayan kabad inda bututanta suka rabu da na gidan, don haka muka bar shi sai watan Mayu idan an kashe tukunya. Kafin nan na ce a bar kanta a 5 don kada faifan ya kusanci ramin balle ya yi kuka, surukata kuma ta ce ita dama ba ta jin sanyi a kicin idan murhu yana kunne.